Ciwo ya warke, hannu bai koma ga taɓarya ba

Duk mai bin babbar hanya daga Gidan Runji zuwa Gazawa, ta Cadawa da Agye, ya san su: ɗan kasuwar da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, matashin da shan inna ya bar shi da jan ƙasa, matar da kuturta ta kashe wa yatsu. An sallame su daga gidan likita, takarda ta ce sun warke. Sai dai ba mai iya ƙirga kuɗi ko jan guga a cikinsu.

Akwai sana'a guda da aka keɓe domin wannan, Faransawa na ce mata ergothérapie. Aikinta shi ne mayar da majinyaci ga hidimarsa ta yau da kullum: cin abinci, sa riga, noma, ciniki. Ƙungiyar duniya ta masu wannan sana'a, wadda aka kafa a 1952, ta gindaya sharaɗi cewa ɗalibi ba ya samun digiri sai ya cika aƙalla awa 1000 yana koyon aiki tare da majinyata, ƙarƙashin idon gwani. To, abin tambaya gare mu shi ne: a ina ya kamata a cika waɗannan awoyi?

Amsa mai sauƙi ita ce birni. Ga manyan gidajen likita na Maraɗi, ga cibiyar Danja kan hanyar Ɗan Isa, inda mishan SIM ke kula da kutare tun 1956. Ilimi na nan, ba shakka. Tun daga 1995 ana ba da maganin kuturta kyauta a duniya, kuma yana kashe ƙwayar cutar sarai. Abin da ba ya yi shi ne raya jijiyar da ta mutu. Matar da hannunta ba ya jin zafi za ta koma ƙauye ta ɗauki tukunya daga murhu, ta ƙone ba ta sani ba, ƙunar ta zama gyambo, gyambon ya ci yatsa. Maganin wannan ba ya cikin kwalba: tsumma ne a naɗa wa taɓarya da ƙotar hauya, da ludayi mai dogon hannu, da duba tafin hannu kowane dare. Ɗalibin da bai taɓa zama a tsakar gida ya ga yadda ake daka gero ko haƙar aya ba, yaya zai yi ya san haka?

A ganina, rabin koyon aikin ya kamata a yi shi a Agye da Gazawa da Gidan Runji, tare da maƙera da masassaƙan gari, waɗanda za su ƙera kayan da majinyaci ke iya saye.

Matsalar ita ce gwani mai sa ido. Ɗalibin da aka jefa ƙaramin gidan likita shi kaɗai, cikin damina, lokacin zazzaɓin cizon sauro, mako guda ya isa a mayar da shi mai yin allura da auna yara. Gazawa ta zama gunduma mai kanta tun 2011. Masaukin ɗalibai biyu da man babur na malaminsu sau ɗaya a mako ba su fi ƙarfin hukumomin garuruwanta ba, balle in 'yan kasuwar aya sun sa hannu.