Yadda New York ta daina hukunta ɗalibi don ya faɗi zaɓinsa

Duk lokacin cike fom ɗin JAMB sai ka ji iyaye na jan kunnen 'ya'yansu: kada ka sa jami'ar da ta fi ƙarfinka a farko, za ka rasa ta, ka rasa ta biyun. Gargaɗin yana da tushe, domin jami'o'i da yawa ba sa kallon wanda bai sa su a zaɓin farko ba. Abin da ke damuna shi ne yadda muka sallama cewa haka rabon gurbi yake a ko'ina, ba makawa.

Makarantun sakandaren gwamnati a birnin New York na Amurka sun sha wannan fama. Kafin 2003 ɗalibi makarantu 5 yake jerawa, shugabanninsu kuma suna ganin matsayin da ya ba su. Kowace shekara yara kusan 30,000 ba sa samun ko ɗaya cikin zaɓinsu, sai ofishin ilimi ya tura su inda ya ga gurbi.

Masana tattalin arziki uku, Alvin Roth da Atila Abdulkadiroğlu da Parag Pathak, suka sake tsarin bisa dabarar da David Gale da Lloyd Shapley suka wallafa a 1962. Kamar neman aure take: ɗalibi ne saurayi, makaranta ce gidan. Saurayi ya fara zuwa gidan da ya fi so. Iyaye ba sa korarsa, ba sa kuma sa rana, sai su riƙe shi. In wanda suka fi so ya zo, su sallami na farkon, shi kuma ya wuce gida na biyu, inda za a auna shi daidai da waɗanda suka riga shi zuwa. Ba a ɗaura aure sai kowa ya zauna. Zuwansa gidan farko bai rage masa komai a na biyu ba, don haka ƙarya a fom ba ta da riba.

Kwamfuta ce ke wannan zirga-zirgar. Aka ba ɗalibi damar jera makarantu 12, kuma a shekarar farko waɗanda suka rasa zaɓinsu suka ragu zuwa kusan 3,000. Boston ta bi sahu a 2005. Roth da Shapley sun karɓi kyautar Nobel a 2012.

Tsarin bai ƙara kujera ko ɗaya ba, makarantun kirki har yau sun yi wa birnin kaɗan. Amma ya rage fifikon ɗan da iyayensa suka san lungunan tsari a kan ɗan talakan da ba shi da mai ba shi shawara. Masu raba mana gurabe sun daɗe da sayen kwamfuta, kuma dabarar a rubuce take sama da shekara 60.