Haɗin Kan Angalikan da Batun Naɗa Mata

Ikilisiyar Angalikan ba ta da shugaba guda wanda hukuncinsa ke hawa kan kowa, kamar yadda Fafaroma yake ga Katolika. Tarayya ce ta larduna fiye da 40, kowanne da majalisarsa da dokokinsa. Babban Bishop na Kantabiri ana girmama shi, amma ba shi da ikon tilasta wa wani lardi. Abin da ya ɗaure su shi ne amincewa da naɗin juna, watau firist da aka naɗa a Kenya, in ya je Ingila, a yarda ya ba da Jibin Ubangiji. A nan ne batun mata ya taɓa tushen zumuncin.

Maganar ta faro ne a lokacin yaƙi. A cikin 1944, sa'ad da mamayar Japan ta hana firistoci kaiwa ga masu bi a Makau, Bishop Ronald Hall na Hongkong ya naɗa Florence Li Tim-Oi firist. Da yaƙi ya ƙare, suka ya yi yawa har ta ajiye takardar izinin aikinta. A 1974 wasu bishop-bishop suka naɗa mata 11 a Filadelfiya ba da izini ba, sa'an nan a 1976 ikilisiyar Amurka ta halatta abin.

Masu ƙi suna cewa manzanni 12 duk maza ne, kuma ba daidai ba ne reshe ɗaya ya sake abin da aka gada tun farko. Masu goyon baya kuwa suna cewa baftisma ɗaya ce ga namiji da mace, kira kuma daga Allah yake zuwa. Babban taron Lambeth na 1978 bai raba gardamar ba. Ya bar wa kowane lardi ikonsa, ya roƙe su kada su yanke zumunci.

To, amma batun bishop ya fi na firist wuya. Wanda bai yarda da mace firist ba yana iya zuwa wata majami'a. Bishop kuwa shi ke naɗa firistoci, saboda haka wanda ya ƙi naɗin mace bishop zai yi shakkar duk wanda ta ɗora wa hannu, ko da namiji ne. Don haka bayan taron 1988 aka kafa kwamitin Babban Bishop Robin Eames, wanda ya ba da shawarar a riƙe iyakar zumuncin da zai yiwu, a bar lokaci ya gwada al'amarin. A 1989 Barbara Harris ta zama mace ta farko da aka naɗa bishop.

Ingila ta fara naɗa mata firistoci a 1994, ta kuma tanadi bishop-bishop na musamman domin majami'un da ba su yarda ba. Mace ta farko da ta zama bishop a can ita ce Libby Lane, a 2015. A Afirka ma kai ya rabu: an naɗa Ellinah Wamukoya bishop a Suwazilan a 2012, alhali Ikilisiyar Nijeriya ba ta naɗa mata firistoci. Da aka sanar da sunan Sarah Mullally a matsayin Babbar Bishop ta Kantabiri a Oktoba 2025, shugabannin Nijeriya suka fito fili suka ƙi, suna haɗa wannan da saɓaninsu da Ingila a kan sa wa ma'auratan jinsi ɗaya albarka.

Dabarar haƙuri da juna ta hana tarayyar wargajewa shekaru da dama, amma ta bar ta da rauni: akwai waɗanda ke amsa suna ɗaya, ba sa iya karɓar Jibi daga hannu ɗaya. Yanzu kuma gardamar ta kai ga kujerar da kowa ke dubawa a matsayin alamar haɗin kan.