Fitilun Rauta Da Ma'anarsu: Bayani Ga Masu Intanet A Gida

Tun daga watan Agusta na 2001, lokacin da kamfanonin wayar salula suka fara aiki a Nijeriya, hanyoyin sadarwa su ke ta ƙara shiga gidajen jama'a. Lafiya, wadda ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a 1996, ta ishe mu misali. Ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da ɗaliban Jami'ar Tarayya da aka buɗe a garin a 2011, da yawa daga cikinsu sun ajiye wani ɗan akwati mai fitilu a ɗakunansu, watau rauta, na'urar da ke karɓo intanet daga waje ta rarraba wa wayoyi da kwamfutocin gida. Amma kaɗan ne suka san karatun fitilun nan. Da zarar intanet ta tsaya, sai mutum ya hau babur daga Bukan Sidi ko Shabu zuwa shagon mai gyara, ko ya sayi sabuwar data alhali tsohuwar ba ta ƙare ba, ko ma ya jefar da na'ura mai lafiya. Wannan asara ce wadda za a iya kauce mata, domin na'urar da kanta tana faɗin inda matsala ta ke.

Ƙofa biyu

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, rauta tana da ƙofa biyu. Ɗaya tana duban cikin gida, ita ce ke haɗa na'urar da wayarka ta hanyar waifai, ko da kwamfutarka ta hanyar igiya. Ɗayar kuwa tana duban waje, ita ce ke haɗa na'urar da turken kamfanin sadarwa idan mai layin waya ce, ko da igiyar gilashi da aka jawo har gida idan irin waccan ce. A jikin na'ura a kan rubuta LAN ko WLAN ko Wi-Fi domin ƙofar ciki, a rubuta WAN ko Internet, ko a zana hoton ƙwallon duniya, domin ƙofar waje.

Kowace ƙofa tana iya lalacewa ba tare da 'yar'uwarta ba. Nan ne mafi yawan mutane su ke ruɗewa. Mutum ya ga alamar waifai ta cika a wayarsa, sai ya ɗauka lalle akwai intanet. Ba haka ba ne. Cikar alamar tana nufin wayar tana jin rautar da kyau, shi ke nan. Kamar famfo ne da bututunsa lafiya lau daga tanki zuwa bayi, amma tankin babu ruwa.

Fitilun da ke gaba

Launin fitilu ya danganta da kamfanin da ya ƙera na'urar, saboda haka kada a yar da 'yar takardar da ta zo cikin kwali. Duk da haka, a galibi kore ko shuɗi ko fari alamar lafiya ne, ja kuwa alamar matsala. A karanta su bi da bi, daga ta wuta.

Fitilar wuta ita ce ta farko. Idan ta mutu, ba sauran abin dubawa sai soket da caja. Idan tana ɗaukewa tana dawowa, wutar ce ba ta isa, ko cajar ta gaji. Yawancin rautocin gida suna aiki da bolt 12, kuma an rubuta adadin a ƙarƙashinsu. Wanda ya ɗauko cajar wata na'ura ya soka don kawai bakin ya shiga, yana iya ƙone ta. Bayan an kawo wuta ko an ta da janareta, a ba na'urar minti biyu ko uku ta kimtsa kafin a yanke mata hukunci.

Sa'an nan fitilar sabis, wadda a kan nuna da 'yan sanduna kamar na waya, wani lokaci da rubutun 4G ko 5G a gefe. Ja a nan yana nufin na'urar ba ta ga turke ba, ko ba ta ga layin da aka sa mata ba, ko kuwa kamfani ya rufe layin. Tun daga Disamba 2020 Gwamnatin Tarayya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, kuma layin da ke cikin rauta bai fita daga wannan doka ba. Mutane da yawa sun haɗa na wayarsu sun manta da wannan. A na'ura mai igiyar gilashi kuwa akwai fitila mai suna LOS. Idan ta yi ja, haske ba ya isowa ta igiyar, ma'ana an yanke ta ko ta lanƙwashe a wani wuri. Kashewa da kunnawa ba za su gyara wannan ba, sai ma'aikatan kamfani. Kuma kada a cire igiyar a leƙa bakinta, domin hasken da ke ciki ido ba ya ganinsa amma yana iya yi masa lahani.

Fitilar waifai da ta LAN ba su da wuyar ganewa. Ƙyaftawarsu ba ciwo ba ne, alama ce cewa saƙo yana wucewa.

Shafin da ke ciki

Fitilu taƙaitawa kawai su ke yi. Cikakken bayani yana wani shafi da ke cikin na'urar kanta, wanda a ke buɗewa ko da babu data ko kaɗan. A haɗa waya da waifai ɗin gidan, a buɗe manhajar shiga intanet, a rubuta lambar da ke jikin takardar da aka manna a ƙarƙashin rautar. Sau da yawa 192.168.0.1 ce, ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1. Sunan shiga da kalmar sirri su ma suna wurin.

Abin da ya fi amfani a shafin nan ga mai rauta ta layin waya shi ne ma'aunin ƙarfin sabis, wanda a ke rubutawa RSRP. Lambar tana zuwa da alamar ɗebewa a gabanta, saboda haka karatunta a juye ya ke: ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Wanda ya ga -80 ya sami sabis mai ƙarfi. Daga -90 zuwa -100 ana iya aiki. Idan ta wuce -110, sabis ɗin yana bakin yankewa. Kada a raina bambancin lambobin, gama kowane goma da aka ƙara yana nufin ƙarfin ya ragu sau goma. Tsakanin -90 da -110 ragin ninki ɗari ne. Kusa da ita akwai SINR, wadda ke auna tsabtar sabis, watau yadda muryar turken ta fi hayaniyar da ke kewaye da ita. Ita kam babbar lamba ce mai kyau: 20 madalla, kusa da sifiri kuwa wahala.

Da waɗannan lambobi biyu mutum zai iya yi wa kansa aikin da zai biya wani ya yi. Ya ɗauki na'urar ya zaga da ita gida, yana tsayawa minti ɗaya a kowane wuri yana duban lambar. Bangon bulo da rufin kwano suna cinye sabis, shi ya sa bakin taga mai duban turke, a bisa kabad, ya kan fi ƙasan tebur nesa ba kusa ba. A cikin gari, kamar wajen titin Jos ko titin Makurɗi, matsar da na'ura daga ɗaki zuwa ɗaki ta kan isa. Wanda ke ƙauyukan da ke hanyar Doma ko Awe, idan ya zaga gida duka lambar ba ta gyaru ba, to eriyar waje ya ke bukata, ko layin wani kamfani wanda turkensa ya fi kusa, ba sabuwar rauta ba. Amma a lura, kada neman sabis ya sa a ajiye na'ura inda rana ke dukanta. Zafin Lafiya a watan Maris ba wasa ba ne, kuma rautar da ta yi zafi ta kan yi sanyin aiki ko ta kashe kanta. Matan gida masu lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, niyyarsu mai kyau ce, amma ƙofofin shan iskarta su ke toshewa.

In kuwa lambobin suna da kyau da rana, amma intanet tana rarrafe bayan sallar isha'i, na'urar ba ta da laifi. Jama'a ne suka yi wa turke ɗaya yawa.

Akwai kuma wurin da ke nuna tsawon lokacin da na'urar ta yi a kunne. Idan ba a ɗauke wuta ba tun safe amma wurin ya nuna minti goma, rautar tana mutuwa tana tashi da kanta, sai a binciki caja da zafi. Haka nan adireshin WAN: idan babu kome a gabansa, ko an rubuta 0.0.0.0, kamfani bai buɗe wa na'urar hanya ba tukuna.

Wa ke shan datarka?

Shafin yana jera dukan wayoyi da kwamfutocin da ke haɗe a lokacin. A ƙidaya su. Idan na'urori biyar ne a gidan amma jerin ya nuna tara, kalmar sirri ta fita, abin da ya kan faru a gidajen haya inda aka ba maƙwabci ɗaya don kunya, shi kuma ya ba abokinsa. A sake ta nan take, a sa mai tsawo, ba lambar waya ko sunan ɗa ba. Kalmar shiga shafin daban ta ke da ta waifai, ita ma a canja ta, domin wadda ta zo da na'ura kowa na iya cankarta. Tun da aka amince wa kamfanoni ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a Janairu 2025, wannan sakaci ya ƙara tsada.

Ƙidayar data da rauta ke nunawa kimantawa ce. Lissafin kamfani shi ne a ke cajin mutum da shi. Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta daidaita gajerun lambobi ga dukan kamfanoni: *323# domin sanin sauran data, *310# domin sauran kuɗi, 300 domin kiran ofishin kula da masu hulɗa. Wasu rautoci suna da wurin danna waɗannan lambobi da na karanta saƙonnin kamfani a cikin shafin.

Idan matsalar ta waje ce

Wani lokaci fitilu duka kore ne, data tana nan, amma shafuka sun ƙi buɗewa. Ran 14 ga Maris 2024 igiyoyin ƙarƙashin teku da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta har da bankuna, alhali babu abin da ya sami rautar kowa. A irin wannan hali a tambayi maƙwabci mai layin kamfani ɗaya, a saurari rediyo.

Kashe na'ura na rabin minti a sake kunnawa ba ya ɓata kome. Amma ɗan ramin nan na baya mai suna Reset, wanda a ke tsokana da tsinke, yana goge dukan saitin da aka yi, har da sunan waifai da kalmar sirri. Kada a taɓa shi sai ma'aikacin kamfani ya ce a taɓa.

Mai kai kuka ya fara da kamfaninsa. Ya faɗi fitilar da ta yi ja, da lambar RSRP, da unguwarsa, da lokacin da abin ya fara, sa'an nan ya karɓi lambar ƙorafi ya rubuta. Idan ba a share masa hawaye ba, ya kira NCC a 622, kyauta ne, ya ba su wannan lambar.