Itatuwan Katako a Ƙasar Wagini: Zaɓin Masassaƙa da Kafintoci

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a yi bayanin irin itatuwan da aka fi so wajen tsaga katako a yankin Wagini, tare da dalilan da suka sa ake fifita wani icce a kan wani. Wagini gari ne a ƙasar Batsari, yamma da birnin Katsina, a gefen Dajin Rugu, wanda ya ratsa Batsari da Safana har ya shiga Zamfara. Ga ɗalibin Hausa, wannan batu ya shafi sana'a da kuma harshe, domin duk iccen da ya ƙare a daji, sunansa ma kan fara ɓacewa a bakin yara.

Ma'aunin Zaɓe

Kafin mai zarto ya ɗora ƙarfe a kan gungume, yakan duba abu huɗu: kaurin iccen da miƙewarsa, ƙarfinsa, jurewarsa ga gara, da kuma halinsa bayan ya bushe. Icce mai kyan gani in ya tsage ko ya karkace a rana, asara ne. Saboda haka ake jera katako a inuwa, a sa tsinke tsakanin wannan da wancan, iska ta busar da shi sannu a hankali.

Manyan Itatuwa

Na farko shi ne maɗaci, wanda ya sami sunansa daga ɗacin ɓawonsa. Katakonsa ja ne, mai nauyi, yana karɓar goge, gara kuma ba ta cika damunsa ba. Da shi ake yin ƙyauren ɗaki da gado da kujera.

Na biyu madobiya. Tana da zane mai ban sha'awa a cikinta, ga ƙarko. Makiyaya ma na sonta saboda ganyenta abincin dabbobi ne a bazara.

Kawo da doka su ma ana tsaga su, amma sun fi yawa in an nausa kudu, inda ruwan sama ya fi yawa. Maje kuwa yana da kauri da sauƙin yanka, sai dai ƙwari na saurin cinsa, don haka ba a ba shi aikin da ake son ya daɗe.

Akwai kuma waɗanda suka fi dacewa da gizago fiye da zarto. Ƙirya saboda taurinta ake yin turmi da taɓarya da ita, maƙera kuma na son gawayinta. Aduwa ake sassaƙa allo da ƙota. Giginya kuwa faskara ta ake yi a fitar da azara, wadda ke ɗaukar rufin soro shekara da shekaru. Gawo dai manomi ba ya son a sare shi, domin yana kaɗe ganye da damina, ya bar amfanin gona ya sha rana, ya kuma ƙara wa ƙasa taki.

Halin da Ake Ciki

Waɗannan itatuwa suna jinkirin girma, injin yanka kuwa cikin sa'a guda yake kayar da abin da ya yi shekara hamsin yana tsaye. Buƙatar madobiya a ƙasar Sin ta sa aka yi mata sara mai yawa a Afirka ta Yamma, har yarjejeniyar CITES ta sa ta cikin jerin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe daga shekarar 2017. A taron da aka yi a Panama a 2022 aka ƙara maɗaci da kawo a wannan jeri. Ban da wannan, rashin tsaro a Dajin Rugu ya hana mutane da dama shiga neman icce. Sakamakon haka kafintoci suka ƙara dogara ga katakon da ake kawowa daga kudancin Nijeriya, irin su afara da loko, ko kuma ga darbejiya, wadda asalinta daga yankin Indiya ne, mai saurin girma da jure fari.

Kammalawa

Mun ga cewa zaɓen icce ilmi ne da aka gada, wanda ya san wurin da kowane icce ya dace. Abin da ya rage shi ne a riƙa dasa maɗaci da madobiya a gonaki da makarantu, mu kuma ɗalibai mu tattara sunayen itatuwa da kalmomin sassaƙa daga bakin dattawa tun suna raye. Hausawa dai na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.