Yadda ake goge jirgi mara matuƙi bayan ya sauka ba tare da an ɓata shi ba

A Garki da garuruwan da ke kewaye da ita, ba abin mamaki ba ne yanzu a ga ɗan ƙaramin jirgi mara matuƙi yana shawagi a wajen ɗaurin aure, ko a kan gona, ko a hawan sallah a Ringim da Dutse. Mafi yawan masu shi matasa ne da suka tara kuɗi suka saya don sana'ar ɗaukar bidiyo. Da zarar jirgin ya sauka, abin da yawancinsu ke yi shi ne su sa bakin riga su share ƙurar da ta hau shi, su mayar da shi jaka. Wannan sharewar tana cikin abubuwan da ke saurin tsofar da shi.

Me ya sa ƙura ke karce fenti?

Ƙurar hunturu tana da taushi a hannu, amma a cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin yashi masu tauri. Mai yawa daga cikinta iska ce ke kwaso ta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta haɗu da yashin ƙasarmu. A ma'aunin tauri na Mohs, wanda ke tashi daga 1 zuwa 10, ƙwayar yashi tana kan 7, gilashin taga yana wajen 5.5, farcen mutum kuma 2.5. Fenti da robar jikin jirgi sun fi gilashi laushi nesa ba kusa ba. Don haka idan aka danna tsumma a kan busasshiyar ƙura aka ja, tamkar an goga sanfefa ne. Abin da ke sa fuskar waya ta yi zane-zane idan ta daɗe a aljihu mai yashi ke nan.

Ƙa'idar ita ce: a fara ɗauke ƙurar, sannan a goge.

Darasi daga jiragen da ke ɗaukar mutane

Masu kula da ƙananan jirage, irin waɗanda ake koyon tuƙi da su a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964, da wannan ƙa'idar suke aiki. Ruwa suke fara zubawa ya tafi da ƙura kafin hannu ya taɓa fenti. Ƙwarin da suka mutu a gaban fiffike ana jiƙa su a cire da wuri, domin idan suka bushe a rana suna cin fenti. Daga baya a shafa kakin goge fenti, ya zama garkuwa daga rana da ruwa.

Akwai kuma ƙananan huji a jikin jirgi da ke auna matsin iska, waɗanda da su matuƙi ke sanin nisansa da ƙasa da gudun da yake yi. Ana rufe su lokacin wanki, amma dole a buɗe bayan an gama. Ranar 2 ga Oktoba, 1996, jirgin Aeroperu mai lamba 603 ya tashi daga birnin Lima na ƙasar Peru ba a cire salatif ɗin da aka manna a kan hujin ba bayan an goge shi. Na'urorin suka riƙa ba matuƙa bayanan ƙarya, jirgin ya faɗa teku, duk mutum 70 da ke ciki suka rasu.

Jirgi mara matuƙi ma yana da nasa idanu: ƙananan kyamarori da na'urorin auna nisa a ƙarƙashinsa, wasu samfuran har gaba da baya. Idan ƙura ko maiƙo ko sitika ta rufe su, yana iya kasa tsayawa wuri ɗaya ko ya sauka da ƙarfi.

Matakan gogewa

Bambanci ɗaya shi ne, yawancin ƙananan jiragen ɗaukar bidiyo ba a yi su don ruwa ba, saboda haka iska ce za ta yi aikin da ruwa ke yi.

1. A kashe jirgin, a cire batir, a bar shi ya huce a inuwa.
2. A hure ƙurar da 'yar robar hura iska irin ta masu gyaran kyamara da waya. Kada a hura da baki, tururin numfashi yana sa ƙura ta manne.
3. A bi lunguna da kafofin shan iska da buroshi mai laushi.
4. A juya kowane inji da yatsa. Akwai maganaɗisu a cikinsa da ke jawo ɓurɓushin ƙarfen da ke cikin ƙasa. Idan aka ji yana ƙaras-ƙaras, a kifa shi a sake hurewa, kada a ɗiga masa mai.
5. Sai yanzu za a goge jikin da tsumma mai laushi irin na tabarau, wanda aka ɗan jiƙa da ruwa mai tsabta aka matse sosai.
6. Gilashin kyamara da idanun ƙasa su samu nasu tsumman daban. A riƙe kyamarar da yatsa lokacin gogewa don kada mariƙinta ya gurɗe.
7. A duba farfela. Wadda ta tsage ko bakinta ya ɓantare canza ta ake yi, ba a liƙa ta da gam.

Fetur, kananzir, tina da sabulun gari kada su kusanci jirgin. Suna dusashe launi, wasu kuma suna sa roba ta tsattsage.

Kariya tun kafin tashi

Mafi yawan yashin da ke shiga inji lokacin tashi da sauka yake shiga, sa'ad da farfela ke tayar da ƙasa. Shimfiɗa tabarma ko faffaɗan kwali da aka danne da dutse yana rage wannan sosai. Bayan an gama aiki, a mayar da murfin kyamara, a sa jirgin a jakarsa. Barin sa a rana ko cikin rufaffiyar mota yana kashe launi, yana busar da roba, kuma zafi yana kumbura batir.

Duk wannan aikin bai wuce minti goma ba. Ga wanda jirgin nan ne jarinsa, gilashin kyamarar da ya karce yana nufin bidiyon biki mai dishi-dishi, kuma ranar da zai sayar da shi ya sayi sabo, jikin jirgin mai saye zai fara dubawa kafin ya yi tayi.