'Yar Riƙo Daga Indiya: Abin da Labarin Secret Daughter Ya Tono

A shekarar 2010 ne Shilpi Somaya Gowda, haifaffiyar Toronto ta ƙasar Kanada wadda iyayenta suka fito daga Mumbai, ta fitar da littafinta na farko, Secret Daughter. Tana ɗaliba ta taɓa yin aikin sa-kai a wani gidan marayu a Indiya, can kuma ta samo tushen labarin.

Labarin ya faro a 1984, a wani ƙauye na yankin Dahanu. Wata mata mai suna Kavita ta haifi mace a karo na biyu, ga shi kuwa ta farko ba a bar ta ta rayu ba, saboda talakawan yankin na ganin 'ya mace a matsayin bashi: iyayen amarya ne ke biyan dangin ango dukiyar aure, duk da dokar 1961 da ta haramta hakan. Sai ta ɗauki jaririyar a ɓoye, ta kai ta gidan marayu a Bombay (Mumbai ta yanzu) da sunan Usha. Wannan ba ƙirƙirar marubuciya kaɗai ba ce. A 1990 masanin tattalin arziki Amartya Sen ya ƙiyasta cewa mata fiye da miliyan 100 sun ɓace daga lissafin al'ummar duniya saboda fifita 'ya'ya maza, a 1994 kuma Indiya ta haramta binciken jinsin ɗan da ke ciki.

A ɗaya ɓangaren akwai Somer, likitar yara a Kalifoniya, da mijinta Krishnan, likita ɗan Indiya. Ɓari ya yi ta samun ta, har likitoci suka tabbatar ba za ta haihu ba. Suka ɗauko Usha riƙo, sunanta ya koma Asha.

A nan ne marubuciyar ta nuna gwaninta, domin zuwan yarinya bai ɗinke ɓarakar auren ba. Asha ta taso da kamannin uban riƙonta, Somer ta wayi gari ita ce baƙuwa a gidanta. Tsoron kada Indiya ta ƙwace mata 'ya ya sa ta toshe duk wata ƙofa da ke kaiwa can, shi kuwa Krishnan ya haɗiye kewar gida, ya lulluɓe kansa da aikin asibiti. Babu duka, babu zagi; shiru ne ya ci auren a hankali. Da Asha ta girma ta tafi Mumbai aikin jarida da neman asalinta, sai ma'auratan suka ga ba abin da ya rage tsakaninsu in ban da ita, har suka raba gida na wani lokaci. Sulhu bai samu ba sai da Somer ta yarda cewa son 'yarta ya haɗa da karɓar ƙasar da ta fito.

Tun bayan lokacin da labarin ya faro, harkar ɗauko yara riƙo daga ƙasashen waje ta sauya. Yarjejeniyar Hague ta 1993 ta tanadi a fara nema wa yaro gida a ƙasarsa. Yaran da Amurkawa ke ɗaukowa daga waje sun kai kusan 23,000 a 2004, daga nan adadin ya yi ta raguwa. Habasha ta rufe ƙofa a 2018, Sin kuma a 2024.

Bahaushe ya san riƙo tun kaka da kakanni, amma ɗan riƙonmu yana amsa sunan mahaifinsa, yana kuma sanin danginsa, kamar yadda Musulunci ya umarta. Wahalar gidan Somer ta nuna hikimar wannan ƙa'ida: yaron da aka ɓoye wa asalinsa zai fita nema, masu riƙonsa kuma su ne za su fara ɗanɗana kuɗar ɓoyewar.