Ciwon da Ke Ɓuya a Tsokar Mahaifa

Matar da ta haura shekara 40 a Anka, Gummi ko Bukkuyum, wadda ta haihu da yawa, jinin al'adarta ya zama kamar da bakin ƙwarya, ga ciwon mara mai hana tashi, galibi ƙarin mahaifa ake zargi. Sau da yawa kuwa adinomayosis ne: shimfiɗar cikin mahaifa ce ke kutsawa cikin tsokarta, tana zubar da jini a can duk wata, har mahaifar ta kumbura gaba ɗaya. Sikanin da ake yi ta farji da hoton MRI na nuna alamunsa, amma tabbacinsa sai an duba naman da madubin likita bayan tiyatar cire mahaifar.

Don haka ya wajaba duk mahaifar da aka cire a aika da ita gwaji, ko da zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ne. Wasu za su ce hanya ba tsaro, kuma an riga an cire, me ya rage? Ai gwajin ne ke bambance adinomayosis da sankara, wadda sau da yawa maganinta ba ya ƙarewa da tiyata.